Yadda Ake Sake Ɗora Babbar Manhaja A Tsohuwar Kwamfuta Da Filashi, Ba Tare Da Asarar Fayiloli Ba

A gidaje da dama a Nasarawa, da maƙwabtanta irin su Tirkaniya da Kakuri, akwai wata tsohuwar laptop da aka tura ƙarƙashin gado ko aka ɗora a saman durowa. Galibi HP EliteBook ce, ko Dell Latitude, ko Lenovo ThinkPad, irin na hannun nan da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Yaya ne ya yi karatu da ita, ya gama, ya bar wa ƙannensa. In an kunna ta sai ta yi minti goma tana tunani kafin ta buɗe, ko ta tsaya a shuɗin allo, ko ta nemi kalmar sirrin da babu wanda ya tuna. Sai kowa ya koma kan wayarsa. Ba a sake waiwayar ta sai ranar da buƙata ta taso, misali ƙanwa za ta zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta ta, alhali yarinyar ba ta taɓa riƙe maus ba.

Abin da ke biyo baya sananne ne. A ɗauke ta a kai shagon gyara.

"Injiniya, don Allah a duba min ita, nauyi take yi."

"Ai sai an yi mata formatin, ƙanwata. Ki dawo da yamma."

Da yamma kwamfuta tana gudu kamar sabuwa. Sai an koma gida a tarar babu hotunan bikin Yaya, babu furojet ɗinsa na makaranta, babu takardun da aka yi sikanin aka adana. Mai gyara bai yi ƙarya ba, formatin ya ce, formatin kuma ya yi. Babu dai wanda ya tambaye shi ma'anar kalmar.

Wannan aiki, wanda duk ya iya saita sabuwar wayar Android zai iya yin sa da hannunsa. Kayan aikin su ne filashi ɗaya, data mai ɗan yawa, waya, da wuta ta kamar awa biyu. Abin da ake kira babbar manhaja shi ne ginshiƙin da sauran manhajoji suke hawa kansa: Android a waya, Windows ko Linux a kwamfuta. Sake ɗora ta na nufin a share tsohuwar a zuba sabuwa fil daga filashin da aka shirya musamman don kwamfuta ta iya tashi daga cikinsa.

Shin ma matsalar ta manhaja ce?

Ba kowane nauyi ba ne formatin ke magani. Laptop da ta sha ƙurar hunturun Kaduna shekara biyar ba a buɗe ta ba, fankarta ta toshe, masarrafarta na zafi, tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Irin wannan ko sau goma aka canza mata Windows haka za ta ci gaba. Alamarta ita ce ƙarar fanka ba tsayawa, da zafi a ƙasanta, da mutuwa haka kawai ana cikin aiki. Buroshi da iska take buƙata tukuna.

Sai had dis, wato ma'adanar da komai ke ciki. Idan ana jin ƙas-ƙas daga cikinta, ko fayil ya riƙa ƙin buɗuwa, ma'adanar ce ke shirin mutuwa. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta rahoton lafiyar da had dis ɗin ke ajiyewa da kansa. In ta nuna Good, a ci gaba. In ta nuna Caution ko Bad, a kwashe kaya da gaggawa a nemi wata ma'adanar. Wanda yake da hali ya sayi SSD mai inci 2.5, ko da mai GB 128 ce. Gaskiyar magana, babu wani abu da ke farfaɗo da tsohuwar laptop kamar wannan canjin, ya fi ƙarin RAM tasiri, ya fi sabon Windows. A yawancin tsofaffin EliteBook da Latitude, sukuru kaɗan ne tsakanin mutum da ramin had dis ɗin.

Idan kuma Windows 10 ce a kai kuma tana buɗewa, akwai gajeriyar hanya a cikin Settings, ƙarƙashin Update & Security, sai Recovery, sai Reset this PC. Tana sabunta Windows ɗin ba tare da filashi ba. A gwada ta. Filashi na shigowa ne idan kwamfutar ba ta buɗewa sam, ko an sa sabuwar ma'adana, ko ana son a canza babbar manhajar gaba ɗaya, ko ba a yarda da abin da mai ita na baya ya bari a ciki ba.

Kwashe kaya kafin rushe ɗaki

Nan ne ake kuka, don haka a nan ya kamata a fi daɗewa. A buɗe faifan C, a shiga foldar Users, a shiga sunan mai kwamfutar. Desktop, Documents, Downloads, Pictures da Videos duk suna nan. A kwafe su zuwa wani wuri da ba cikin kwamfutar ba: had dis na waje, ko wani filashin daban da wanda za a yi aikin da shi, ko ma waya ta igiyar caji. Idan mutum biyu ko uku ne suka yi amfani da kwamfutar, kowa yana da foldarsa a Users, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Bayan an kwafe, a buɗe wasu fayilolin daga sabon wurin a ga suna aiki. Mutane da yawa sun kwafe gajeriyar hanyar fayil, wato wannan mai ƙaramar kibiya a gefe, suna zaton fayil ɗin ne, sai bayan formatin suka gane hoton ƙofa suka ɗauka suka bar ɗakin.

Akwai abubuwan da ba sa cikin waɗannan foldoji. Kalmomin sirrin da Chrome ya adana za su tafi, sai in an shiga da adireshin Gmail an kunna Sync. Manhajojin da aka ɗora, irin su Office da CorelDRAW, ba a kwafe su da hannu, sai an sake ɗora su, don haka a tabbatar akwai fayil ɗin ɗorawa da lasisinsu. Mai shagon da ke rubuta lissafin bashi a wata manhajar ciniki ya nemi inda take da Backup ko Export tun kafin ya taɓa komai.

Sai lasisin Windows ɗin kanta. Kwamfutocin da suka fito da Windows 8 zuwa sama, lambar lasisinsu tana dashe a cikin allon uwa, sabuwar Windows za ta gano ta da kanta. Waɗanda suka fito da Windows 7, lambar na kan wata 'yar takarda a ƙasan laptop ɗin ko a ƙarƙashin batir. A ɗauke ta hoto da waya, amma a sani cewa tun watan Satumba na 2023 Microsoft ya rufe ƙofar amfani da lambar Windows 7 ko 8 don kunna sabuwar Windows 10. Sai dai idan kwamfutar ta riga ta taɓa hawa Windows 10 mai lasisi, to rajistarta na wajen Microsoft, da ta shiga intanet za ta kunnu. A duba a Settings, ƙarƙashin Activation, a rubuta ko Home ce ko Pro, domin lasisin Home ba ya kunna Pro.

Wata dabara da ke ceton rai daga baya ita ce kwashe direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Wi-Fi da sauti da allo su yi aiki. A Windows 10, a buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, a ƙirƙiri folda mai suna direbobi a filashin ajiya, sannan a rubuta:

dism /online /export-driver /destination:E:\direbobi

Harafin E a nan misali ne, a sa harafin da filashin ya samu.

To idan kwamfutar ba ta buɗewa fa, ta ina za a kwashe? A nan Linux ke da rana. Filashin Linux Mint yana tashi ya yi aiki ba tare da an ɗora shi ba, ya nuna had dis ɗin kamar wata folda, mutum ya kwashe kayansa cikin natsuwa. Inda hakan ba ya yiwuwa shi ne idan an kulle ma'adanar da BitLocker, abin da ake yawan samu a laptop ɗin da ta fito daga ofis. Wannan sai da mabuɗinsa mai lambobi 48.

Wacce za a ɗora?

Windows 7 ta fita daga lissafi. Microsoft ya daina kula da ita ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 ta bi ta ranar 10 ga Janairu 2023, kuma Chrome ya tsaya a siga ta 109 a kansu. Har yanzu akwai masu cewa ta fi sauƙi a tsohuwar kwamfuta, kuma gaskiya ne, amma gida ne da aka daina gyara masa ƙofa. A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta bi ta wata kafa da ba a toshe ba a Windows ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Wanda zai shiga asusun bankinsa ko shafin rajistar makaranta bai kamata ya yi hakan a kan Windows 7 ba.

Windows 10 ita ce ke kan mafi yawan laptop ɗin da ke unguwa, ita ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Tana nan tana aiki, ba ta mutu ba, sabuntawar tsaro ta kyauta ce aka tsayar. Microsoft ya buɗe wani shiri mai suna ESU da ke ƙara wa masu siga ta 22H2 wa'adin tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026, ana shigarsa da asusun Microsoft. Ƙarin lokaci ne kawai.

Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: RAM aƙalla GB 4, ma'adana GB 64, wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da masarrafar Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko takwararta ta AMD. Ana gane ƙarni daga lambar masarrafa. Core i5-3320M ƙarni na 3 ce, i5-6300U na 6, i5-8250U na 8. Ke nan EliteBook 8470p da Latitude E6430 da ThinkPad T430, har ma da EliteBook 840 G3 da ake ganin ta zamani ce, duk ba su cika sharaɗi ba. Manhajar Rufus na iya tsallake binciken a tilasta wa kwamfutar karɓar Windows 11, kuma tana hawa, sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi alkawarin sabuntawa ga irin waɗannan ba. Masu Core 2 Duo kuwa kada su wahalar da kansu, siga ta 24H2 ba ta ma tashi a kansu.

Sai Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Mai wayar Android ya daɗe yana amfani da ita bai sani ba, don a kanta aka gina Android. Kyauta ce, ba lasisi, ba kirak. Ga sabon shiga, Linux Mint nau'in Xfce ta fi dacewa: fuskarta ta yi kama da Windows 7, tana iya aiki da RAM GB 2 ko da yake 4 ya fi daɗi, tana zuwa da Firefox da LibreOffice, kuma jerin siga ta 22 na samun sabuntawa har 2029. Akwai kuma ChromeOS Flex na Google ga wanda duk aikinsa a birauza yake, amma tana son intanet kullum, abin da ba kowa ke da shi ba.

Hukuncin ya danganta da aikin da za a yi. Mai koyon rubuta manhaja, ko buga takardu, ko kallon darussa a YouTube, Linux Mint ta ishe shi, kuma ta fi masa aminci a tsohuwar na'ura. Mai shagon buga katin biki da ke rayuwa a kan CorelDRAW, ko 'yar JAMB da manhajar gwajinta ta kwamfuta fayil ɗin .exe ce, su Windows suke buƙata, kuma Windows 10 mai siga 22H2 ce za ta fi zauna musu lafiya, tare da sanin cewa kwananta ƙidayayyu ne. RAM GB 4 zuwa sama, a ɗauki nau'in 64-bit.

Sauke fayil ɗin ISO

Babbar manhaja tana zuwa a dunƙule cikin fayil ɗaya da ake kira ISO. Na Windows 10 ya haura GB 5, na Linux Mint ya kusa GB 3. Waya na iya sauke su, kuma datar dare ta fi araha. Wani abin daɗi ma, idan aka buɗe shafin sauke Windows 10 na Microsoft daga waya, kai tsaye yake ba da ISO, saɓanin kwamfuta mai Windows da yake tura wa Media Creation Tool. Mahaɗin da zai bayar awa 24 yake yi ya mutu, don haka kada a fara yau a ce sai jibi za a ƙarasa. A sauke a ma'adanar wayar ta ciki, domin katin memori mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce GB 4, saukewar za ta yanke ana dab da gamawa.

Daga shafin masu manhajar kaɗai ake saukewa: microsoft.com ko linuxmint.com. Waɗannan da ake rabawa a Telegram da sunan Windows Lite ko Pre-activated, babu wanda ya san abin da aka cusa a ciki. A 2023 kamfanin tsaro na Doctor Web ya gano wasu ISO na Windows 10 na sata ɗauke da ɓoyayyiyar manhaja da ke sauya adireshin walat ɗin kirifto idan mutum ya kwafa, kuɗin ya tafi wajen ɓarawo. Mai haƙar kirifto a waya da ke shirin komawa kwamfuta ya riƙe wannan.

Ko daga shafi na gaskiya aka sauke, ana tantancewa. Kowane ISO na da wata doguwar lamba mai suna SHA-256, tamkar zanen yatsansa, masu shi suna wallafa ta. Idan ko ɗigo ɗaya ya canza a fayil ɗin, saboda netiwok ya yanke ko wani ya yi masa kutse, lambar za ta bambanta. Ba wasa ba ne: a Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint kansa aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen ISO na tsawon yini. Rufus na da ɗan madanni kusa da inda ake zaɓar fayil da ke lissafo lambar, sai a kwatanta da ta shafin.

Shirya filashin

Kwafa ISO cikin filashi kamar yadda ake kwafa waƙa ba ya aiki. Sai an rubuta shi ta yadda kwamfuta za ta ɗauke shi a matsayin wurin tashi. GB 8 ne mafi ƙaranci, 16 ya fi kwanciyar hankali, kuma duk abin da ke cikinsa zai goge. A yi hattara da filashin jabu, wanda aka rubuta masa GB 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba. Yana karɓar fayil kamar gaske, sai ana tsakiyar ɗorawa, bayan an riga an share tsohuwar Windows, ya ce wani fayil ya lalace. Manhajar H2testw na tona asirinsa, Rufus ma na da zaɓin binciken gurɓatattun sassa.

Filashin Windows yana buƙatar wata kwamfuta mai aiki, ta aboki ko ta shagon buga takardu. Rufus, wadda Pete Batard ya fitar tun 2011, ƙarama ce kuma ba sai an ɗora ta ba. In kwamfutar aron Windows 7 ce, siga ta 3.22 ce ta ƙarshe da ke aiki a kanta. A soka filashi, a buɗe Rufus, a tabbatar sunan filashin ne a ƙarƙashin Device, a danna Select a zaɓi ISO. Sai wurin da ke rikita mutane, Partition scheme, inda ake zaɓi tsakanin MBR da GPT.

Bayanin a taƙaice shi ne, kwamfuta na da wata ƙaramar manhaja da ke farkawa kafin Windows. Tsohon nau'inta BIOS, sabon UEFI, wanda ya yaɗu daga wajen 2012. BIOS na tafiya da MBR, UEFI na tafiya da GPT. Idan tsohuwar Windows na buɗewa, a danna madannin Windows tare da R, a rubuta msinfo32, a duba layin BIOS Mode a Windows 8 zuwa sama. Legacy na nufin a zaɓi MBR, UEFI na nufin GPT. In ba ta buɗewa, takardar da ke jikinta za ta ba da haske: mai tambarin Windows 7 galibi MBR, mai na 8 ko 10 galibi GPT. Daga nan sai Start, a jira ya nuna Ready.

Wanda ba shi da kwamfutar aro kuma Linux yake so, wayarsa ta isa. Da 'yar mahaɗar OTG da manhajar EtchDroid ana rubuta ISO na Linux a filashi kai tsaye daga Android, ba sai an yi wa wayar rutin ba. Ba ta iya na Windows. Akwai kuma Ventoy, wadda ta fito a 2020, da ake sa wa filashi sau ɗaya, daga nan sai a riƙa jefa ISO iri-iri a ciki ana zaɓa lokacin tashi. Duk mai niyyar mayar da wannan aiki sana'a, ita ya kamata ya riƙe.

Tayar da kwamfuta daga filashi

Kafin nan, maganar wuta. Batirin yawancin waɗannan laptop ɗin ya daɗe da gajiya, wasu da an zare caja suke mutuwa. Idan aka ɗauke wuta bayan an share tsohuwar manhaja kuma sabuwa ba ta gama hawa ba, kwamfutar ba ta lalace ba, amma sai an faro daga farko. A yi aikin a inda akwai sola ko janareta, ko a bari sai batir ya cika in yana riƙewa.

A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a soka filashi, a kunna, nan take a riƙa danna madannin zaɓen wurin tashi. A HP, Esc sannan F9. A Dell da Lenovo da Toshiba, F12. A Asus, Esc. A Acer ma F12 ne, amma sau da yawa sai an shiga BIOS da F2 an kunna shi tukuna. Idan sunan filashin ya fito sau biyu, ɗaya da UEFI a gabansa ɗaya babu, a zaɓi wanda ya dace da abin da aka sa a Rufus. In bai fito ba sam, a canza rami, a duba ko an kashe USB Boot a cikin BIOS, a gwada kashe Secure Boot. Laptop ɗin da ta fito daga wani kamfani kan zo da BIOS a kulle da kalmar sirri, kuma formatin ba ya cire wannan. Abin dubawa ne tun ranar saye.

Allon da ake asara a kansa

Windows zai tambayi harshe, sai Install now. In ya nemi lambar lasisi, a danna I don't have a product key, a zaɓi Home ko Pro daidai da abin da aka rubuta a baya. Sai a zaɓi Custom. Allon da ke biye shi ne wanda hannu ke rawa a kansa, kuma ya cancanci rawar.

Zai jero sassan ma'adanar: Drive 0 Partition 1, Partition 2, da sauransu. A nan babu C babu D, girma kawai ake gani da suna in akwai. Mutane da yawa suna ajiye kayansu a D da tunanin wani faifai ne daban, alhali ɗaki ne a cikin gida ɗaya. Idan ana son D ya tsira, sai an san girmansa tun kafin a fara, a taɓa sashen da tsohuwar Windows ke kai kaɗai, a yi masa Format, a danna Next. Idan kuwa an kwashe komai waje kuma an tabbatar, mafi tsafta shi ne a goge duk sassan Drive 0 ɗaya bayan ɗaya har ya rage Unallocated Space, a danna Next, Windows ta yanka abin da take buƙata da kanta. Had dis na ajiya kada ya kasance a soke a wannan lokaci, don kada a goge shi bisa kuskure.

Wani lokaci zai ƙi, ya ce ba zai iya hawa wannan faifan ba saboda tsarinsa GPT ne, ko kuma MBR ne. Ma'anarsa an tayar da filashin ta hanyar da ba ta dace da faifan ba. Gyara mafi sauƙi, wanda ba ya goge komai, shi ne a koma a tayar ta ɗaya hanyar, ko a sake shirya filashin da ɗaya tsarin. Akwai masu danna Shift da F10 su rubuta diskpart, sai list disk, sai select disk 0, sai clean. Yana aiki, amma clean ba ya tambayar ko an tabbata. Cikin daƙiƙa ɗaya yake share teburin faifan gaba ɗaya, har da D.

Daga nan sai jira, minti 15 zuwa 20 a SSD, fiye da haka a tsohon had dis. Idan ta sake kunna kanta karo na farko, a zare filashin, in ba haka ba wasu kwamfutocin sai su koma farkon ɗorawa mutum ya yi ta zagaye. A Linux Mint hanyar ta fi gajarta: bayan ta tashi, a gwada Wi-Fi da sauti da kibod tukuna, in duk suna aiki a danna Install Linux Mint da ke kan allo. Zaɓin Erase disk na share komai, Install alongside na barin Windows a gefe.

Bayan ta hau

A Windows 10, idan aka ƙi haɗa intanet lokacin saitin farko, za ta bari a buɗe asusu na cikin kwamfuta ba tare da imel ba. Idan aka gama aka tarar babu Wi-Fi, direba ne babu. A buɗe Device Manager, a danna dama a kan abin da ke da alamar rawaya, a zaɓi Update driver, a nuna masa foldar direbobin da aka ajiye. Wanda bai ajiye ba ya haɗa wayarsa da igiya ya kunna USB tethering, wannan na aiki a Windows 10 da Linux ba tare da ƙarin komai ba, daga nan Windows Update ko Driver Manager na Mint su nemo sauran.

Sai dai sabuwar Windows mayunwaciya ce. Da ta ga intanet za ta fara sauke sabuntawa, ta cinye datar wata a zama ɗaya. A bar ta ta yi na farko da datar dare, domin ana buƙatarsa, sannan a shiga saitin Wi-Fi ɗin hotspot a kunna Set as metered connection.

A saita yankin lokaci zuwa West Central Africa. Idan agogon na komawa wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka kashe, har birauza na ƙin buɗe shafuka tana cewa haɗin ba amintacce ba ne, ƙaramin batirin allon uwa ne ya mutu, galibi CR2032 mai kama da kwabo, a wasu laptop ɗin da 'yar igiya a jikinsa. Mai rubutu da Hausa ya shiga Time & Language ya ƙara kibod ɗin Hausa, zai samu ɓ da ɗ da ƙ ba sai ya kwafo su daga waya ba. Office na kirak da manhajojin kunna lasisi na bayan fage su ne ƙofar da ƙwayoyin cuta suka fi shigowa ta ita a sabuwar Windows. LibreOffice na buɗe fayilolin Word da Excel kyauta, kuma Windows Security da ke ciki ya wadatar ba sai an ƙara wata rigakafin ba.

Fayilolin da aka kwashe, a mayar da su ta hanyar kwafa, kada a yanke. A bar na wajen yadda suke na 'yan makonni, har sai mai kwamfutar na asali ya zauna ya duba ya ce kayansa sun cika. Filashin ɗorawar kuma a manna masa takarda a rubuta abin da ke ciki da ranar da aka shirya shi, a ajiye inda ƙanne ba za su ɗauka su zuba fina-finai ba.